Tokar da Na Ba Surukina

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da shekarar da na yi wa surukina kyautar buhu huɗu na toka ba. Na gwada mantawar, abin ya ƙi. Shekaru sun ja, na tara furfura daidai gwargwado, amma in na tuna sai in ji kamar jiya na ɗaure bakin buhunan da hannuna.

A lokacin sana'ata fasa tsofaffin batura ce, a wata rumfa da ke bayan gari a Boɗinga. Na ƙaramar mota, na babbar mota, na sola, duk wanda ya mutu wurina ake kawo gawarsa. In sare shi da gatari, in tsiyaye ruwan a ƙasa, in zare farantan ciki in zuba a kasko, in hura gawayi har dalma ta narke, sannan in juye ta a 'yan ramuka ta daskare. Masu gyaran lagireto su saya, masunta su saya su ɗaura a bakin taru. Abin da ya rage a kaskon wata toka ce mai nauyi, sai kuma laka da ke zubowa daga jikin farantan. Duka nakan kwashe in watsa bayan rumfa, a daidai inda nake tsiyaye ruwan batir. Cikin 'yan shekaru wurin ya zama tsibi. Ciyawa ba ta fitowa a gefensa, har tumfafiya da ba ta zaɓen wuri ta ƙi shi. Ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin sauƙi daga Allah, tunda da damina maƙwabta suna fama da sharar ciyawa ni ina zaune ina shan iska.

Surukin nawa manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Shagari. Ba mai dukiya ba ne, amma yana da abu ɗaya da kowa ya san shi da shi a yankin: irin albasarsa. A wurin mahaifinsa ya gaje shi. Kowace shekara shi yake zaɓar kawunan da za su yi fure, ya sussuke, ya sheƙe, ya zuba 'ya'yan a gora ya rataye a ɗakinsa. Albasa ce ja, mai tauri, wadda za a ajiye wata da watanni ba ta ruɓe ba, lokacin da ta sauran mutane ta daɗe da zama ruwa. Da ita yake ci da gidansa. Kuma irin albasa ba ya kwana biyu, wanda ya wuce shekara a gora ya mutu, don haka kullum abin da ke hannunsa na shekarar ne kawai.

A waccan shekarar kuma an sami ƙari. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, aka ce sai an yi aiki a Sakkwato. Ya kwashe albasar ajiyarsa kaf ya sayar, har da kawunan da ya ware don iri. Bai damu ba, tunda gorar tana rataye. Ke nan duk abin da ya rage na wannan iri a duniya yana cikin gora ɗaya.

Sai na faɗi yadda muke da shi, don wanda bai san mu ba zai ce labarin nan ƙarya ne. Shekara takwas ina auren 'yarsa, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In na hango shi, tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa. Mu gaisa, mu sake gaisawa, mu tambayi gajiya, mu tambayi ruwa, mu tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai kowa ya yi shiru yana kallon ƙasa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba sai fura, ita ma sai ya kau da kai. In aka tara duk maganar da muka yi a shekara takwas, aka cire gaisuwa, ba za ta cika minti biyar ba. Mutane kuwa suna yabona a kan haka, ana cewa a yi koyi da ni.

Ranar da abin ya faru, a ƙarshen damina ne, yana dawowa daga asibiti da auduga manne a ido. Motarsu ta tsaya a Boɗinga, ya ce bari ya leƙa jikokinsa. Aka ce masa ina rumfa, sai ya biyo, karo na farko ke nan da ya taka wurin aikina. Na watsar da gatari na zube ƙasa. Muna cikin gaisuwa ta uku ya juya da idonsa mai lafiya, wanda shi ma lafiyar tasa da sauƙi, ya hango tsibin.

A wurinmu manomi ba ya wuce toka. Kafin a yafa irin albasa a kwami, wato ɗan filin da ake renonsa kafin dashe, akan barbaɗa tokar murhu a cakuɗa da ƙasa. Mata har tara ta suke yi saboda masu lambu. Shi kuwa ga tsibi guda a zube, ba mai kulawa.

Ya ce, "Wanga habɗi na da mai shi?"

Habɗi dai toka ke nan a bakinmu. Tambaya ce mai sauƙi, amsarta ma mai sauƙi. Amma a shekara takwas wannan ne karo na farko da ya nuna yana son wani abu nawa. Kafin kaina ya yi aiki bakina ya riga shi.

Na ce, "Naka na, Baba."

Ban tsaya nan ba. Ni na nemo buhuna, ni na cika su, na zaɓo masa daga ƙasan tsibin inda ta fi laushi, wai don kada a ce na ba shi ta sama-sama. Na tare keke Napep na loda, na ce a kai har ƙofar gida. Ya sa mini albarka. Na koma gida ina jin kaina, har na ce wa matata yau na yi wa Baba hidima.

Kada in yi wa kaina ƙarya, ba wai ban san komai ba ne. Na san ruwan batir yana huda mini wando. Na san tumfafiya ba ta gudun wuri a banza. Sai dai na gaya wa zuciyata cewa abin da wuta ta riga ta ci ai ya zama toka, toka kuwa duk ɗaya ce.

Bayan kwana biyu wani mutum ya zo daga Kano, wakilin wani kamfani da ke sayen tsofaffin batura. Ya sauko daga mota da safar hannu da takunkumi, na ce a raina wannan ko asibiti ya nufa ya ɓata hanya. Bai kalli dalmar da na jera ba, kai tsaye ya zagaya bayan rumfa ya tsaya a kan tsibin yana girgiza kai. Ya ce abin da nake narkewa kaɗan ne, yawancin dalmar tana nan cikin abin da nake zubarwa. Su a wurinsu batir a rufe suke son sa, da ruwansa da komai. Suna da tanderu rufaffe da ke fitar da dalma daga wannan lakar, suna tare hayaƙin, suna kashe kaifin ruwan kafin ya taɓa ƙasa, har robar ma narkewa suke yi a sake wani abu da ita. Ya ce zai kwashe tsibin, kuma ya roƙe ni don Allah in daina fasawa.

Na gyara murya na ce, "Misali, da wani zai zuba wannan a gona fa? Ba ni ba, wani dai."

Ya cire takunkumin ya dube ni. Ya ce, "Malam, shukar za ta ƙone, wannan shi ne ƙaramin abin. Dalma ba ta ruɓewa. Tana nan a ƙasa, yaro ya yi wasa ya kai hannu baki, ta shiga jininsa. Ba ka ji abin da ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara ba? Wane ne ya zuba?"

Na ce ba kowa, tambaya ce kawai ta neman ilimi.

Daga Boɗinga zuwa ƙauyen ba ya kai awa ɗaya a mota. Mai hankali da ya tashi a take. Ni kuwa na tafi gida na zaunar da matata na yi mata bayani, na ce ta kira Baba. Ta dube ni kamar na ce ta hau rufin ɗaki ta yi rawa.

Ta ce, "Ni ɗiyar fari ta, ka sani. Ko sunana ba ya faɗi. In ce mai mi? In ce mijina ya ba ka guba?"

Gaskiyarta ne. Tsakaninta da shi kunyar ta fi tawa tsufa. Sai ta kira Innarta ta gaya mata, amma ta rage, ta ce tokar ba ta da kyau sosai, a dakata da ita. Inna ta juya maganar a ranta ta ga ba za ta iya tunkarar mijinta da cewa surukinsa ya yi kyauta yana neman janyewa ba. Ta kira ƙanen mijin ta ce ya lallaɓa ya ji ko an riga an taɓa buhunan. Ƙanen ya ga tambayar ba ta da kai, sai ya gyara ta ta yi kyau. Bayan kwana biyar amsa ta dawo ta hanyar da saƙon ya bi: Baba ya ce ya gode da tambaya, toka ta iso lafiya, Allah ya yi albarka.

To a nan ne na yi abin da har yau nake nadamarsa. Na shirya na tafi da kaina. Na sa riga mai kyau, na sayi goro, a cikin mota ina ta maimaita abin da zan faɗa har na haddace. Na same shi a zaure. Buhunan nan huɗu suna jingine a bango, ɗaure yadda na ɗaure su, ba a taɓa ko ɗaya ba. Aka shimfiɗa mini tabarma a gefensu, kafaɗata tana gogar na farko. Muka gaisa. Muka tambayi ido. Aka kawo fura, ya kau da kai, na sha. Na ajiye ludayi na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni.

Na ce, "Baba, batun habɗin nan..."

Ya ɗaga hannu. "Ya yi, ya yi. Kak ka damu kanka da ƙaro wani. Allah shi yi maka albarka, shi ba ka masu yi maka."

Na ce, "Amin."

Iyakar abin da na ce ke nan. Na ƙara zama kaɗan don kada a ce na yi gaggawa, na yi sallama, na ɗauki takalmina a hannu har sai da na sha kwana. Da na isa gida matata tana tsaye a bakin ƙofa.

"Mi kac ce mai?"

"Na gaishe shi."

"Shi mi yac ce?"

"Ya amsa."

Ta juya ta koma ciki. Ranar tuwon da ta ba ni ba gishiri a miyar, ban kuwa yi tambaya ba.

Daga nan na shiga lissafin wauta. Na ce wataƙila idon zai hana shi shuka da wuri. Na ce wataƙila ya manta da buhunan. Har na yi tunanin in tura a sace su, sai na ga in aka kama ɓarawon toka a gidan surukina ya ambaci sunana, bayanin zai fi wanda nake gudu tsawo. Kullum in ce gobe, in goben ta zo in sami batir da ke bukatar kulawa ta musamman. Haka na cinye kusan mako biyu.

Matata ce ta kawo ƙarshen abin. Wata safiya na fito na same ta da mayafi, ta goya ƙaramarmu. Ta ce ta tuna kwamin Baba a bayan gida yake, kusa da rijiya, kuma nan 'ya'yan ƙannenta suke wuni suna wasa. Ta ce in ba zan je ba ita za ta je, ta tsaya a gabansa ta faɗa, in ya so garin ya yi shekara yana zancenta. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Na bi ta a baya har tasha.

Ba mu same shi a zaure ba, buhunan ma babu. Muka zagaya bayan gida. Kwamin maƙwabcinsa yana nan ta tsallaken darni, ya yi kore shar, tsiron ya miƙe kamar gashin jariri. Nasa kuwa ƙasa ce fari-fari da ta yi ɓawo ta tsattsage, sai 'yan zarurruka rawaya nan da can da suka leƙo suka kwanta. Yana tsaye a kai da gwangwani mai huji yana yayyafa ruwa a hankali. Kwana tara ke nan da ya yafa irin, duka gorar, kuma safe da yamma yake ba shi ruwa. Da ya ji motsinmu ya juyo, kafin mu gaisa ya fara ba ni haƙuri. Wai bana irin ya yi nawa, yana jin hannunsa ne ya yi nauyi wurin rufe ƙasa saboda idon, kada in ga kamar tokata ce ba ta yi ba.

Wannan ce ta karya ni. Ban cire takalmi ba, ban durƙusa ba. A tsaye na faɗa masa komai, da ƙarfi, da sauri, ina kallon fuskarsa. Ranar na fara sanin yana da tabo a gefen gira. Na gaya masa mene ne a cikin tokar, da abin da mutumin Kano ya ce, da batun yara da rijiya. Matata tana bayana tana kuka ba sauti.

Ya ajiye gwangwanin.

"Yaushe kas sani?"

"Kwana biyu bayan ka ɗauka, Baba."

"Ran da kaz zo kas sha hura, ka sani?"

"Na sani."

Ya gyaɗa kai sau biyu. Na so ya zage ni. Wallahi da ya ɗauki sanda ya rafka mini da na ji sauƙi. Sai kawai ya juya ya ƙwala wa matan gida kira ya ce a kwashe yara a shigar da su ciki, kada wanda ya sake fitowa nan, a kuma rufe bakin rijiya. Sannan ya dube ni ya ce, "Ɗauko shebur."

Na kira mutumin Kano a waya, wannan karon ban ce wani ba ne, na ce ni ne. Bai yi mini dogon wa'azi ba. Ya ce a jiƙa ƙasar kada ta yi ƙura, a ɗaure hanci, a kankare saman kwamin da zurfi har a wuce inda tokar ta kai, a haɗa da gefe-gefensa, a zuba a buhu a ɗaure. Ya ce motarsu za ta biyo ta ɗauka tare da tsibina, duk da cewa wannan ƙasa ta fi dalma yawa. Ya kuma ce a kai yaran asibiti a duba su. An kai su, Allah ya tsare, don kwamin yana da shinge kuma kullum a jiƙe yake.

Wuni biyu muna haƙa, ni da ƙannen matata. Buhu huɗu na kawo, buhu ashirin da wani abu muka cika. Tsohon bai matsa daga wurin ba. Can na ga ya tsuguna ya ɗebi ƙasar a tafin hannu ya kai kusa da idonsa mai gani, yana tonawa da yatsa yana neman baƙaƙen 'ya'yan nan. Na ce Baba a daina taɓawa da hannu. Ya zubar, ya je ya wanke da sabulu, bai yi musu ba. A shekara takwas wannan ne umarni na farko da na ba shi, kuma ya bi.

Da motar ta zo aka fara lodi. Masu lodi dai ka san su, jifa suke yi. Buhu na farko ya faɗi tim, na biyu ya bi shi. Sai tsohon ya matsa kusa da direban, ya yi magana a hankali kamar mai neman alfarma.

Ya ce, "Yaro, ku aza su sannu. Irin babana na ciki."

Ba wanda ya yi dariya. Sauran buhunan ɗaya bayan ɗaya aka ɗora su, kamar ana ɗora marar lafiya.

An bi maƙwabta ana cigiya ko akwai wanda ya taɓa karɓar irin a wurinsa. An sami mutum biyu, amma nasu ya daɗe da gaurayewa da wasu, da aka shuka ba ita ba ce. Shekarar a kasuwa ya sayi dashe kamar kowa. Ya yi shekara shida yana noma bayan haka kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba ko da wasa. Ni kuwa tun daga makon ban sake sare batir ba. Tarawa nake yi a rufe, a kan dakali, a ƙarƙashin rufi, mota ta zo ta kai inda za a cire dalmar ba tare da an bar wa ƙasa komai ba. Duk wanda na gani da gatari da kasko ina tsayawa in yi masa bayani, ko ya girme ni, ko bai tambaye ni ba. Wasu suna cewa na cika baki.

Abin da na koya shi ne, ƙazantar sana'a ba ta zama inda ka zubar da ita, wata rana sai ta sami hanyar zuwa gidan wanda kake ƙauna. Na kuma koyi cewa ba kowane shiru ne ladabi ba. Na yi shekaru ina ɗauka girmama tsohon nan nake yi da nake sunkuyar da kai. Ranar da yake bukatar jimla ɗaya daga bakina, ashe ba shi nake karewa ba, kaina nake karewa. Na tsira da kunyata ta minti ɗaya, shi ya biya da abin da mahaifinsa ya bar masa.